Lambun da Ba Ya Shan Ruwa

Ran kasuwar Gujungu Sagiru ya dawo
da naɗi huɗu ɗaure a bayan babur.
Ya ce, Iya, kau da jeren kwanukanki,
yau ɗakin nan zai yi fure.

Na ce, fure a tsakiyar bazara?
Rijiyar gidan nan ma sai an ƙara igiya.

Ya dama sitacin rogo a tsohuwar roba,
ya ɗiga maganin gara,
sannan ya warware takardar a kan tabarma.
Sai ga reshe ɗaya yana ta tafiya
kamar bai san gona tana da iyaka ba:
ja irin na zoɓo,
shuɗi irin wanda ya kwana uku a karofi,
ganye mai lanƙwasa kamar ɗanyen mangwaro,
da wani tsuntsu, ba kanari ba, ba hasbiya ba.

Ya ce zanen mutanen Indiya ne,
tun da can a yadi suke buga shi da katako.
Na ce, ashe su ma suna da marina,
ashe su ma hannunsu ba ya wankuwa.

Bangon gabas ya rufu.
Tsagar daminar bara ta ɓace,
baƙin hayaƙin aci-balbal,
lissafin adashin da na yi da gawayi,
har tsayin Sagirun kansa, layi bisa layi.
Ban ce uffan ba.

Da ya iso bayan ƙyaure na riƙe masa hannu.
Nan kakanka Barau ya dafa
ran da ya gama yaɓe, laka ɗanya.
Ƙirga: yatsu huɗu da rabi,
rabin lauje ya ci.

Ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, ya ɗauko reza,
ya kewaye wurin.
Reshe ya katse, tsuntsu ɗaya ya rasa wutsiya.
Ya ce an ɓata tsari.
Na ce tsarin ya tarar da mai gida.

Uwale ta shinshina bango, ta ce ba ƙamshi.
Akuya ta leƙo sau biyu.

Yanzu in na kunna fitilar sola da dare
sai in ga hannun nan tsakiyar furanni
kamar zai tsinko mini ɗaya,
shi da bai taɓa shuka
abin da ba a ci ba.