Tiya Biyu

Akwatin rediyon Tsahiru ya kwana uku a teburina,
na hure masa ciki, na liƙe waya da darma.
Da ya farfaɗo, abin da ya fara faɗa:
ƙasar gabas ta kira jakadan ƙasar yamma.

Wai waccan ta buga littafi mai shafi ɗari huɗu,
ta jera waɗanda wannan ta kulle babu shari'a.
Kafin la'asar wannan ta buga nata,
ta ƙirga gawar da waccan ta bari kan titi.
Kowa gwani ne a lissafin gidan maƙwabci.

Na murɗa allura. Wata tasha, wata murya,
Hausar ɗaya ce, mai laifin ne ya sauya.

Barira mai awon aya, rumfarta jingine da tawa,
ta ce, "Nomau, rage ƙara, ina ƙirga."
Can ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba:
"Na san irinsu. Suna zuwa Jiratawa ranar kasuwa,
tiya biyu gare su ƙarƙashin buhu,
mai zurfi ta saye, mai bugaggen gindi ta sayarwa."

Wata bakwai ke nan
da aka sauke ɗanta Lawali daga kamiyo a hanyar Ɗan Isa
kan takardar kayan da ba shi ya rubuta ba.
Alƙali bai gan shi ba tukuna.
Kullum azahar tana ɗaure kwanon tuwo da tsohon kallabi,
kabu-kabu dala arba'in zuwa, arba'in dawowa,
mai gadi ya tsoma cokali ya juya miya, ko akwai reza.

Sunansa ba ya shafi na ɗaya,
ba ya na ɗari huɗu.
Ba a kiran jakada don yaron mota.

Da magariba labari ya sake riga:
sun ci abinci tare, sun sa hannu kan cinikin jirage,
zancen fursunoni an ɗage shi sai baɗi.
Ashe haƙƙin ɗan Adam gora ce ta bayan ƙofa,
a ɗauko ranar faɗa,
a jingine ranar ciniki.

Tsahiru ya taho daga Bagalam, ya biya jaka da rabi,
ya ce, "Yanzu yana kama ko'ina?"
Na ce yana kama birnin da ke bayan teku,
har tarin mai karanta sanarwa kana ji.
Gidan kason nan namu, tafiyar minti goma,
shi ne na rasa mitarsa.

Barira ba ta ɗago ba.
Ta cika wa wani yaro tiya, ta yi mata tozo,
ta ƙara masa gyara.