Sandar Famfo

Ƙarfe biyar, sanyin Jos na cizon kunne,
Muna tsaye mu huɗu a bakin filin kwaleji,
Filin da shanun Naraguta suka riga mu takawa.

Koci Mamuda ya iso da gwangwanin toka,
Yana zana layi a sunkuye, yana tari.
Layin nan ba ya ganin azahar,
Yayyafi ɗaya ya ishe shi,
Gobe da asuba ya sake zanawa.

Sandarmu guntun bututun famfo ce.
Dalyop ya yanko ta a bayan ɗakin gwaji,
Ya goge bakinta da dutse kada ta yanki tafi.
An ce ta manyan jami'o'i ƙarfe ce mai sheƙi;
Tamu, in ka busa ta, sai ta yi kuwwa.

Takalmin ƙusa ƙafa biyu gare mu, mu huɗu.
Nanpon ya gama zagayensa, ya faɗi zaune ya tuɓe,
Na zura ƙafata, ɗuminsa na ciki har yanzu,
Ina ɗaure igiya, idona na kan Sagiru
Da ya sha kwanar ƙarshe, haƙora a waje.
Daƙiƙa hamsin gare ni,
Ban taɓa makara ba, ko sau ɗaya, wurin ɗaurewa.

Kuɗin wasanni, an ce, suna kan tebur.
Wata bakwai takardarmu na kwance a ofishin ma'aji,
Har kofin shayi ya yi mata zobe.
Koci ya sayar da buhu uku na dankalin gonarsa,
Bai faɗa mana ba. Matarsa ce ta yi faɗawa.

Motar da ta kai mu Abuja ta mutu a Hawan Kibo,
Muka tura ta, Dalyop na cewa atisaye ne.
Muka kwana a aji, kan benci, sauro na karatu,
Rukuni na biyu, inda ba ɗan jarida,
'Yan kallo goma sha ɗaya, na ƙirga su,
Har da mai awara da ta zo sayarwa.

Na huɗu muka zo.
Na huɗu ba shi da lamba, ba shi da hoto,
Sai sunan kwaleji da mai sanarwa ya karanta a karkace,
Muka yi masa tafi duk da haka, har da sowa.

Inna ta ce, "Lawandi, gudun nan me yake kawowa?
Ɗan maƙwabta ya zauna, ga shi har ya yi tumbi."
Na ce, Inna, ran Litinin ina da jarrabawa.
Ta ce, "Ba ita na tambaye ka ba."
Na sunkuyar da kai cikin kwanon gwate,
Na rasa ta cewa.

Da na iya magana, da na ce mata:
Akwai taku ashirin a filin nan
Inda mutum ke gudu da hannu a baya, a buɗe,
Yana jin numfashin ɗan'uwansa a ƙeya,
Sai wani abu mai ɗumi ya sauka a tafinsa.
Ban san sunan wannan ba a cikin kwas ɗinmu,
Kuma ban ga malamin da ke koyarwa.

Jiya an yi ruwa. Layin ya tafi.
Koci na asibitin Filato, tarin ya kwantar da shi.
Gwangwanin na hannuna, tokar ta jiƙe,
Sagiru na riƙe da igiya a can ƙarshe,
Yana ce mini na karkace,
In ɗan matso hagu kafin in fara zubawa.