Takarda Biyu a Kan Tebur

Ranar Laraba, bayan addu'ar yamma,
muka zauna mu huɗu a ofishin Rabaran,
ruwan Agusta na dukan kwanon majami'armu ta Kabong
har sai ka ɗaga murya kafin a ji ka.

Davou da Nanret suka shigo da lema ɗaya,
kafaɗarsa sharkaf, tata a bushe.
Na lura. Aikina ke nan a kwamitin aure,
ganin abin da ba a rubutawa a fom.

Takarda biyu a kan tebur, da hatimin asibiti.
AS. AS.
Harufa huɗu kacal,
sun fi buhun dankalin Bokkos nauyi.

Dattijo Gofwan ya gyara tabarau:
"Ilimin likita ma baiwar Ubangiji ne.
Rigakafi ya fi magani.
Ba za mu ɗaura da guɗa abin da za a kwance da kuka ba."
Mai bishara Dakas ya buga tebur:
"To ina bangaskiya?
Wanda ya halicci jini, gyaransa ne zai gagare shi?"

Sai ido ya dawo kaina,
don kowa ya san inda Pam ɗina yake kwance.

A zamaninmu babu gwaji.
Mawaƙa, tukunyar gwate, zanen aro, shi ke nan aure.
Shekara goma sha tara ina dafa ruwa da tsakar dare
ina gasa masa gwiwa da tsumma,
yana cewa, "Mama, ana sarar ƙashina."
Na san kowane benci a asibiti,
na san kuɗin ledar jini fiye da kuɗin shinkafa.
Sanyin Jos, da baƙi ke yabo,
ni abokin gabana ne.

Amma yaron nan ya iya dariya!
Shi ke kaɗa ganga ranar Lahadi
har 'yan Zumunta su manta da ciwon baya.
Rediyon rabin unguwa shi ya gyara.
A ce in mayar da shekarun a ba ni hutu,
ba zan mayar ba.
Shi fa, da an ba shi zaɓi?
Ban taɓa tambayarsa ba.
Na ji tsoron amsar.

Na ce musu: 'Ya'yana,
alkawarin da ake yi gaban bagadi
ba a aron baki a faɗe shi,
nawa ko na Rabaran.
Ku za ku zaɓa, Allah bai ƙwace muku wannan ba.
Sai dai akwai wani da ba a ajiye wa kujera a ɗakin nan ba,
bai da suna tukuna,
shi zazzaɓin zai kama.
In kun durƙusa, ku matsa masa wuri a tsakaninku.

Nanret ba ta yi kuka ba.
Davou ne ya yi.
Rabaran ya ba su wata guda.

Lahadi uku ke nan ba a yi sanarwa ba.
Jiya na hango ta a kasuwar Farin Gada
tana taya kabeji, ita kaɗai,
lemarsa a hammatarta.
Ko mayar masa za ta yi, ko ta zama tasu,
ban sani ba.
Na gaishe ta, na ce a rage mata naira ɗari.