Ranar Yasar Magudana a Pukarumi

Ni ke riƙe da littafin gari bana.
Ba don na fi kowa karatu ba,
juyi ne ya zagayo kan gidanmu
yadda ruwa ke zagayowa gona gona.

Tun rana ba ta leƙo duwatsun Andes ba
Don Teofilo ya busa ƙaho sau uku,
ya kafa sandarsa mai kan azurfa a bakin kwari.
Sanyin Agusta na cizon kunne.
Gida tamanin da huɗu, shebur tamanin da huɗu,
haka muka tarar da gayyar.
Wanda bai zo ba, tarar sol talatin.
Wanda bai biya ba, masararsa ta jira hawayensa.

Na fara kira.
Anselmo Wamani. Ga ni.
Klemente Sulka. Ga ni, da tari a biye.
Hilario Kawana. Ɗansa ya amsa,
wanda ya dawo daga Lima da farin takalmi
da tafin hannu mai laushin burodi.
Aka yi dariya, shi ma ya taya.

A layi na talatin da bakwai
harshena ya riga hankalina:
Baleriano Tikona.
Mun binne shi a watan Mayu,
ni na kama gefen akwatin,
amma na manta ban soke sunan ba.

Shiru ya sauka, har ana jin tuƙar dabbobi.
Can baya, tsakanin mata da tukwanensu,
wata murya ta ce: Ga ni.

Eusebiya ce, baƙar hula a ka,
diga a kafaɗa,
ƙotar ta sha gumin mamaci har tana sheƙi.

Nan fa bakuna suka buɗe.
Wani ya ce rami ba wurin mace ba ne.
Wani ya ce a yafe tara, a ba ta ruwa kyauta.
Ta ce: Ban zo roƙo ba.
Gonar tana nan, ba a binne ta da shi ba.
Ruwan da ban yi wa gumi ba,
gobe wani zai ce aro ne.

Don Teofilo ya daɗe yana tauna ganyen koka.
Ya ce a ɗaga hannu.
Na ƙirga arba'in da biyu, rabi daidai.
Na sake ƙirgawa: arba'in da uku.
Klemente ya gama tarinsa.

Aka auna mata taku goma sha biyu, kamar kowa.
Laka, saiwa, dutsen da damina ta mirgino.
Kafin rana ta take, hannun ɗan Lima ya yi bororo.
Ta yagi gefen mayafinta ta miƙa masa,
ko kallonsa ba ta yi ba.

Muka ci dankali da barkono a kan bargo.
Ɗigon farko na giyar masara, ƙasa aka ba.
Aka sake tada rigimar simintin gada,
aka sake barinta sai taron gaba,
shekara ta huɗu ke nan.

Da yamma aka ɗage katakon madatsa.
Ruwa ya taho a hankali, ja wur,
yana tura ciyawa gabansa kamar tsoho da tumaki.
Yara na gudu suna riga shi,
mai goge na binsa da kiɗa,
mata na jefa masa furanni.
Da ya iso taku goma sha biyun nan
bai tambayi hannun wa ya share ba.

Da dare na buɗe littafi gaban fitila.
Na ɗora alƙalami kan sunan Baleriano,
hannuna ya ƙi.
Sai na matsa ƙasa kaɗan, inda babu ko layi,
na rubuta nata da ƙananan baƙaƙe.
Babban yatsana ya bar laka a gefen shafin.
Mai littafin baɗi ya ga dama ya goge.