Ɗantala na Ikoyi

Mudassir ya miƙo min waya da hantsi,
muna rumfar goro a Agege, ana kwance huhu:
"Kaka, ga Baturenka an sa hotonsa,
wai jiya da dare ya riga mu gidan gaskiya."
Na laluba tabarau a aljihun gaba,
goshin nan dai ko a duhu ina ganewa.

Julian Wexcombe, haka suka rubuta,
shekara ashirin da shida a majalisa,
jigo a jam'iyyar 'yan mazan jiya.
Ni Ɗantala na sani, haihuwar Talata,
a gidan bene mai shingen fure a Ikoyi.
Ina yaron kuku, ban rufa ashirin ba,
zazzaɓi ya kwantar da uwarsa wata biyu,
a kafaɗata ya koyi barci da hamma da miƙewa.

Ya ci tuwo a ɓoye a bayan kicin,
ya suɗe yatsu, ya ce kar in faɗa.
Ran da jirgin ruwa ya ɗauke shi a Apapa,
ɗan shekara bakwai, za shi makarantar kwana,
ya damƙi rigata har maɓalli ya tsinke.
Na hau keke da wuyan riga a buɗe,
na ce wa masu tambaya iska ce ke sa ni hawaye, ba kewa.

Daga nan sai abin da rediyo ya kawo.
Ya taɓa soja, ya yi lauya, ya tsaya zaɓe
a wani gari mai tumaki da yawan yayyafi.
Sau biyu yana shan ƙasa, na uku ya haye.
Suka ba shi ƙaramin ministan jiragen ƙasa,
wata goma sha huɗu suka karɓe abinsu.
Ashe ko can kujera rigar aro ce,
mai ita na tsaye tun kana gwadawa.

Wani dare aka fassara mana jawabinsa:
ƙasa ta cika, baƙi sun yi yawa,
a ja ƙofa, a zura sakata.
Na murɗe rediyo, na zauna da goro a kunci.
Yaron da ya faɗo duniya baƙo a garin nan,
wa ya tambaye shi takarda kafin a yi masa shimfiɗa?
A shekarar ce Mudassir ya kwana a layin biza,
kuɗin bijimi biyu suka tafi a fom da hoto,
aka dawo masa da fasfo ba ko dubawa.

Sai ga shi a Legas da tawagar ciniki,
ya aiko mota har bakin lungunmu.
Furfura, tumbi, shuɗin laktaye.
"Sannu, Baba Tanimu." Iyakar Hausar da ta rage ke nan.
Na zo da maganar biza a ƙarƙashin harshe,
sai ya buɗe walat, ya juye a tafin hannu:
maɓallina ne, fari, gefensa ya ɓantare,
shekara hamsin yana yawo da shi a majalisa.
Na kurɓi shayi mai zafi,
maganar ta bi shayin, ta ƙi fitowa.

Yanzu jaridarsu na lissafa muƙamai,
kwamiti kaza, lambar girma, faɗuwar ƙarshe
da ƙuri'a ɗari uku a hannun wata malamar asibiti.
Ba tuwo a ciki, ba Apapa, ba ni.

Mudassir ya karɓi wayarsa, ya kafe ni da ido:
"To, Kaka, mutumin kirki ne ko kuwa?"
Na buɗe baki, sai jirgin Ibadan ya taso,
rumfa ta ɗau rawa, goro na gangarowa daga faifai.
Kafin ƙarar ta lafa mai saye ya tsuguna,
na shiga ƙirga masa fari da ja,
yaron na tsaye har yanzu, yana jiran amsawa.