Ruwa a Agiliti

A Agiliti ruwa ba ya sallama.
Daren Talata ne, wajen ƙarfe biyu,
iska ta fara taya kwanon ɗakinmu
kamar mai sayen akuya, ta ɗaga, ta ajiye,
da ya yi mata sai ta yi gaba da falle uku, ba ta biya ba.

Na sauko da ƙafa ina laluben silifa,
ƙafar ta iske sanyi har idon sawu.
Ɗaya ya riga ni fita,
ɗayan yana kewaya buta kamar suna shawara.

Sallau, tashi, ruwa!
Ya juya ya ce, a bar shi ya zuba, gero na so.
Barci ya mayar da shi Illela.
Na ce, nan Ikko ce, ɗan'uwa,
geronmu albasa ce, buhu goma sha ɗaya,
bakwai daga ciki bashi.

Muka ɗora huɗu kan benci, biyu kan tebur,
sauran muka bar wa Allah da kwata.
Kwatar nan da muka shekara muna ciyarwa
ledar ruwa, robar lemo, ɓawon lemu, tsumma,
daren nan ta amayo mana kayanmu cif,
ko tsinke ba ta ci ba.

A tsakar gida Iya Sikira, ruwa iya ƙugu,
jikanta a cikin baho, bahon a kanta,
tana kiran sunan Allah da harshenta.
Obiora mai gyaran janareto
ya hau katanga da busasshiyar gora
yana ture wayar wuta da ta faɗo tana tartsatsi.
Shekara uku ba mu wuce gaisuwa da shi ba.
Shi ya miƙo mini hannu a bakin rami
wanda na san yana nan, amma ruwa ya ɓoye.

Benen makaranta ya ɗauke mu duka.
Mai carbi na ja, mai waƙar coci na yi ƙasa-ƙasa,
yara suka yi barci kan allon wani.
Ba wanda ya tambayi wani daga ina,
sai dai, naka sun fito? Sun cika?

Gari ya waye, titi ya zama kogi.
Hanyar da nake takawa kyauta zuwa kasuwa
yau ɗari biyar ce a kwalekwale,
kuma mai tuƙin ba ya ragi.
Firjin wani ya wuce mu a kwance,
kaza a kansa, tsaye, kamar ita ta saya.
Muka yi dariya. Me za mu yi?

Da azahar Inna ta kira daga gida.
Ta ce kwana ashirin ko ɗigo babu,
shuka ta sunkuyar da kai,
jiya an fita roƙon ruwa har da tsofaffi.
Ku fa, ya damina?
Na dubi wandona da ke ɗiga,
na dubi katifa tana shanya a kan tayar mota.
Na ce, alhamdu lillahi, Inna.
Da ana loda shi a tirela
da na aiko miki da na ɗakina kaɗai,
ya ishi gonar Baffa har kaka.

Kwana shida ya yi kafin ya janye.
Ya bar laka, ya bar sauro, ya bar tari,
ya bar layi a bango, sama da na bara da taki ɗaya.
Sallau ya bi layin da gawayi, ya rubuta shekara.
Mai gida ya aiko: haya na nan yadda take.

Da muka kwance buhunan da suka kwana a ƙasa,
rabi ya ruɓe, warin har titi.
Rabin kuwa ya tsiro,
kore shar, ya huda buhu yana neman rana.
Sallau ya daɗe yana kallo.
Ya ce, ka ga, ita ba ta san nan ba gona ba ce.