Sau Goma Sha Ɗaya

Shekara tara ke nan, ni da yayana Emrys
ba mu ƙarasa shayin Lahadi lafiya ba.
Ruwan Aberystwyth na dukan taga,
shi yana dukan tebur.

Ina cikin mutum goma sha biyu
da kotu ta zaunar mu ce eh ko a'a.
Na ce eh.
Hannuna ne na bakwai da ya tashi.

Gethin Prosser, tsohon malamin labarin ƙasa,
ya hau kujerar gasar kacici-kacici a talabijin,
fitila a ka, gumi a wuya,
ya ci kuɗin da zai sayi rabin layinmu.
Matarsa Nerys na sahu na uku cikin 'yan kallo.
Aka ce duk sanda aka karanto amsar gaskiya
sai ta zare tabarau ta goge da gefen riga.
Sau goma sha ɗaya.
An tsayar mana da hoton, mun ƙirga da yatsa.

Emrys ya ce: Wa ya yanka hoton?
Gidan talabijin ɗin da ba ya son biya.
Kura ce ta ba da shaida a shari'ar akuya.
Sun nuna muku sha ɗaya.
Sau nawa ta goge ba a kan komai ba?
Ɗaki da zafi, gilashi kan yi hazo,
ni ma ga nawa, duba.

Na ce: To kogin nan na Mongoliya fa?
Da bakinsa ya ce bai taɓa jin sunan ba.
Ya kama wata amsar, ya kai bakin gaɓa,
sai ya ɗaga ido,
ya yi shiru,
ya dawo.
Biri ya yi kama da mutum.

Ya ce: Kama da wane ba ta wane.
Shekara talatin yana rataya taswira a bango.
Sani kan kwanta kamar kifi a laka,
sai tsoro ya taka shi ya motsa.
Kuma mai fitila a ido, yana hango sahu na uku?
Kun je kun zauna a kujerar kun gani?

Ba mu je ba.
Lauyansa ya roƙa, aka ce babu buƙata.
Nan nake tashi in ƙara ruwa a buta,
ko da butar cike take.

Ba a ɗaure shi ba. Tara aka ci shi,
aka karɓe kuɗin, aka bar masa sunan.
Yara suka riƙa goge idanu in ya wuce.
Bara aka binne shi.

Ran Talata na gan ta a shagon burodi.
Ta shigo daga ruwa, ɗumi ya buge ta,
tabarau ya yi fari fat.
Na jira.
Hannunta ya taso, ya tsaya a hanya, ya koma aljihu.
Haka ta lalubi tsabar kuɗi a makance,
ta biya, ta fita.

Ban gaya wa Emrys ba.
Zai ce ga hujjarsa.
Ni ma zan iya cewa ga tawa.